Ƙafar Hamani da Yabon Majalisa

Ƙonni, bayan ƙaramar salla, 1995

Zuwa ga Amadu ɗan Goggo Hadiza, tafinta a Majalisa, Yamai.

Muryar wa na ji a rediyo ran Litinin, Amadu? Taka ce ko ba taka ba? Kada ka ce mini ba taka ba ce, don na san yadda kake jan "to" ɗinka tun zamanin da kake satar gyaɗa a rumbun Baba.

Na san ba haka ake buɗe wasiƙa ba. To, assalamu alaikum. Ina gajiya, ina Mariyama da yara, ina zafin Yamai? Goggo tana lafiya, na gan ta ran kasuwa, gwiwar ce dai ke damunta. Mu ma kowa lafiya in ban da mutum guda, kuma shi ne maganar.

Ban san iyakar abin da anka faɗa maka ba, don haka saurara. Cikin azumi yayana Hamani ya ɗauko harawa a amalanke daga Tsarnawa za shi Ƙonni, sai kamyon, babbar motar siminti daga Malbaza, ta kwashe shi. Tayar gaba ce ta fashe, irin tayar da ni mai faci ko amalanke ba ni sa ma ta. Jakin ya mutu nan take. Ƙafar dama kuwa, daga gwiwa zuwa idon sawu, sai da ƙashi ya leƙo waje. Likita ya wanke ya ɗaure, ya ce aikin ya fi ƙarfin nan, sai Yamai a sa ƙarfe, in ba haka ba shi bai ɗauki alkawarin ƙafar ba. Ka san ba mu da ƙarfin Yamai.

Direban, wani Dogo, jandarma sunka tsare shi. Ina can asibiti wajen Hamani, uwar Dogo ta zo ƙofar gidanmu tana birgima cikin ƙasa. Ana haka sai ga depitenmu, wakilinmu a Majalisa, Alhaji Tanimun ya zo dubiya da goro da mutane cike da mota, shina ta ambaton ƙaddara. Ka san Baba da kukan tsohuwa. Ya ɗauki sandarshi ya tafi wajen jandarma ya ce ya yafe duniya da lahira, a saki bawan Allah shi je shi sha ruwa da ɗiyanshi. Sunka ce ba ku da ƙara? Ya ce ba mu da. Sunka rufe magana ba tare da konsta ba, wato takardar da ke shaida an yi haɗari.

Ni ban ga laifin Baba ba a nan. Mutum ya yafe ma mutum. Amma motar tana da asiransi, abin da mutanen Najeriya ke ce ma inshora, kuma don irin wagga rana anka yi ta. Na je buronsu, wato ofishin kamfanin. Wani mai tabarau ya ce mini in babu konsta babu haɗari. Na ce to ƙafar wa ce can gida ta kumbura kamar turmi? Ya ce kada in yi mishi tsawa, in kawo tsohon a buɗe konsta, su kuma su ba da takardar da za a karɓi Hamani a Yamai. Na yi ta lallashin Baba har ya sauko, ya ce a bari a yi salla.

Sai Litinin. Muna tasha ana jin muhawarar Majalisa a kan dokar asiransi da bankuna. Wani ya ce a tilasta ma kamfani shi nemi wanda mota ta taka shi biya shi, ko ya kai ƙara ko bai kai ba. Na ce madalla, ashe akwai mai hankali a ɗakin. Sai depitenmu ya miƙe da Faransanci, sai ga muryarka a kai da Hausa:

"To, mutanenmu ba su san wannan kwaɗayi ba. In kuka ɗora wa kamfanoni wannan kaya za su rushe kamar yadda bankuna suka rushe mana. Ku dubi Malam Abarshi na Tsarnawa, dattijon kirki. Mota ta taka ɗansa, ya ce ƙaddara ce, ya yafe, bai nemi komai ba. Wannan ita ce asiransinmu ta gado."

Amadu, direbobi sunka taso suna ba ni hannu. Mai shayi ya ƙi karɓar kuɗina. Mutumin ga ya zo gidanmu da goro, ya fita da ƙafar yayana ya kai ta Majalisa ya kare kamfani da ita. Har da sunan ubana!

Tun ran nan Baba bai ƙara maganar jandarma ba. Ga abin da nake so. Kana ganin Alhaji Tanimun kullum. Ka ce mishi shi aiko ma Baba cewa yafe ma direba daban, neman hakki wajen kamfani daban. Daga bakinshi Baba za shi yarda. Ka yi sauri, zafi ya fara.

Rubutun nawa ne, ban biya kowa a ƙofar gidan waya ba. In ka ga kure ka haɗiye, ni a jaridar ƙunsa tsire na koya.

Ubangidanka, kai bawa ɗan mace,
Chindo

*

Yamai, ranar Talata

Zuwa ga taubashina Chindo sarkin faci, ka karanta wa Kawu.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan an yi salla lafiya. Mariyama tana gaishe ku, yara suna karatu a lakwal, ƙaramar ta yi ƙyanda amma ta miƙe. Kai kuma shiru, tun bara ban ga hannunka ba. Ko tawada ta yi tsada a Ƙonni?

Kun ji ni jiya kuwa? In ba ku ji ba kun yi asara, don jiya sunan gidanmu ya shiga kowace bukka daga Gaya har Bilma. Bari in ba ka sirrin, amma ya tsaya tsakaninmu. Mai girma depite, a Faransancinsa, cewa ya yi kawai "wani gida a mazaɓata". Bai faɗi suna ba, ina jin ma ya shige masa. Ni kuwa da na ji siminti, na ji amalanke, na san Kawu ne. Na ce wallahi ba za a yabi gidanmu a rufe ba ina riƙe da makirfo. Na saka sunan, na ƙara da Tsarnawa, na ƙara da dattijon kirki. Kawu ne ya saya mini allo da alli ranar da aka kai ni lakwal. Me na taɓa yi masa? To ga shi na yi.

Da aka tashi, mai girma ya ji labari ya dafa kafaɗata, ya ce na fi shi iya maganarsa.

Dokar kuwa kada ka wahalar da kanka, ta fi ƙarfin tasha. Tun da aka karya darajar kuɗinmu bara kamfanonin nan da ƙyar suke numfashi, dole a bi su a hankali.

Ina ƙafar Hamani? Inna ta aiko cewa karaya ce. Ai maɗorin Tsarnawa ya ɗora waɗanda suka fi wannan. Ka ce masa na ce ya daina ragwanci ya tashi, damina ba ta jiran kowa.

Bawan naka ya yi aiki, sai ka tanadi tukuici.
Amadu

*

Ƙonni, tsakiyar bazara

Amadu,

Ina gaisuwa don an koya mini gaisuwa. Allah ya ƙara ma ƙaramar lafiya.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Tawa tana tafiya, taka tana zuwa, wataƙila ma a Dogonduci motocin sunka gitta juna. Na kwana biyu ina zagin mutumin da ko sunanmu bai riƙe ba, ashe ɓarawon a cikin dangi yake. Kai ne! Kai ka ɗauki sunan Baba ka liƙa ma maganar kamfani, kuma har kana jiran tukuici.

Ka ce in karanta ma Kawunka. Na so in ƙona ta, amma direban da ya kawo ta a gabanshi ya miƙo mini. Na karanta, na tsallake sirrin naka. Ya sa na maimaita wajen dattijon kirki. Yanzu tana cikin hularshi.

Kana son ka san abin da ka saya muna? Zauren gidanmu ya koma wajen ziyara. Daga Bazaga ake zuwa, daga Illela ake zuwa, a gaida mutumin da anka faɗa a rediyo. Ran Juma'a anka kawo shi misali a huɗuba. Su zauna a zaure su sha fura su yi ta madalla, kuma babu mai shiga ciki, don daga tsakar gida ake fara jin warin. Maɗorin da kake yabo ya ja ƙafar har Hamani ya suma, ya jera karare ya ɗaure ya tofa. Ɗori shina gyara ƙashin da ya karye a rufe. Wanga a buɗe yake, Amadu, cikin wanga zafi. Matarshi Tsahara ta ƙona turaren wuta har ya ƙare. Yini take da mafici tana korar ƙuda, ba ta ce ma kowa komi.

Shekaranjiya Dogo ya zo, shi direban. Ya shiga ya duba Hamani, ya fito ya durƙusa gaban Baba.

Ya ce, "Baba, kun yafe mini, har in mutu ban mancewa. Amma kamfanin ga ba uwata ba ne, ba ubana ba. Mai mota shina biyansu kowace shekara, ko gaisuwa ba su taɓa aiko mishi ba. Ku tashi mu tafi wajen jandarma, ni da bakina zan ce ni na taka shi."

Baba ya ce, "Su sake rufe ka?"

Ya ce, "Su rufe. Ana fito da wanda anka rufe. Ƙafa fa?"

Baba ya daɗe shina jan tasbaha. Sa'an nan ya ce, "Dogo, da tsakaninmu ne da na tashi. Amma ƙasa duka ta ji. In na koma na ce a buɗe magana, wanda ya ji sunana a Damagaram wa za shi bi shi ya yi mishi bayani? Cewa za a yi Abarshi ya yafe da baki, da ya ji ƙamshin kuɗi ya lashe."

Na ce, "Baba, mutumin Damagaram ne ke ɗaukar Hamani zuwa bayan gida?"

Ya jefe ni da takalmi, ya ce in fita mishi daga gida. Tun da nake bai taɓa ba.

Za ka ce Hamani ba yaro ba ne, shi kai ƙararshi da kanshi. Na faɗa mishi. Na ce ni da Dogo mu ɗauke shi a kan tabarma mu kai shi. Ka san abin da ya ce? "Chindo, ba ni ne zan maida Baba maƙaryaci ba." Ya juya fuska bango. Yatsun ƙafar biyu sun yi baƙi.

Da na ɗauka babu abin da ya fi zagi muni. Yanzu na ga yabo. Wanda anka zaga shina iya tashi shi kare kanshi. Baba an yabe shi, ya kasa motsi.

Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ko ka buɗe bakin ga naka a rediyo ka ce neman asiransi ba cin amanar yafiya ba ne, ko ka sa mai dafa kafaɗarka shi rubuto ma Baba layi biyu. Ban ce gobe ba.

Chindo

*

Yamai, gab da layya

Chindo,

Bayan gaisuwa da fatan Allah ya ba Hamani sauƙi. Wasiƙunka biyu sun same ni. Na jinkirta ne don ban so in amsa hannu wofi. Mariyama ta ga ta biyun ta yi kuka. Ka riƙa tauna magana, ni ba sa'anka ba ne, wasan taubasai ma yana da iyaka.

Allah ya sani alheri na nufa. Ban san ƙafar ta kai haka ba, karaya aka ce mini.

Maganar rediyo ka cire ta. Tafinta ba ya da bakin kansa. In na ƙara kalma ɗaya tawa, za a koma a saurari na baya, a gane na taɓa ƙarawa, a kore ni. Wa zai ci da yaran? Kai?

Mai girma kuwa da ƙyar na same shi. Kwanakin nan ba ya zama, wani ɗan taksi ya fasa masa fitilar mota a bakin babbar kasuwa, yana ta zirga-zirga tsakanin ƴan sanda da buron asiransi. Na tare shi a baranda na faɗa masa komai. Wallahi ya ji tausayi, har ya cire tabarau. Amma ya ce in duba: dokar ba a kaɗa mata ƙuri'a ba tukuna. In aka ji gidan da ya kawo misali sun je neman biya, abokan hamayya za su yi masa dariya a zaure, su ce misalin nasa ya tashi ya bi kuɗi. Ya ce a ɗan yi haƙuri a rufe zama, sa'an nan shi da kansa zai san abin yi.

Bai bar ni haka ba. Nan take ya aiki direbansa ya sayo sandunan dogarawa, na ƙarfe, ƴan waje, masu roba a hammata, ba irin na kafinta ba. Ga su nan tare da wasiƙar. Ka ga ai mutumin ba dutse ba ne.

Bayan layya zai zo Ƙonni taron jam'iyya a filin tasha, ni zan riƙe masa lasifika. Yana so Kawu ya zauna kusa da shi a ɗauki hoto. Ka lallashe shi ya sa babbar riga. In hoton ya fito, komai zai yi sauƙin roƙo.

Naka,
Amadu

*

Ƙonni, bayan layya

Amadu,

Mun yi salla. Ban san ko lafiya zan ce ba.

Sandunan sun iso. Ina so ka san lokacin da sunka iso: ƙafar tana jikinshi. Munka roƙi a ceci ƙafa, kunka aiko abin da ake ba wanda ba shi da ita. Na shiga da su ɗaki a naɗe cikin takarda, ban san mi ne ba. Tsahara ta kwance. Hamani ya dube su, ya yi dariya, irin wadda ban so in ƙara ji. Ya ce, "Ashe su can Yamai sun riga mu sani."

Baba shina bakin ƙofa. Ya shigo, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ɗaga zanen da anka rufe ƙafar, ya duba. Da safe shi da kanshi ya tare mota a bakin hanya, munka kai Hamani asibiti. Likita ya kwance kararen, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce yanzu ba maganar Yamai ake ba, maganar rai ake. Sama da gwiwa sunka yanke. Ni da Dogo munka kai ta maƙabarta a cikin ƙyalle, munka haƙa ɗan rami. Ban san addu'ar da ake yi ma ƙafa ba. Dogo ma bai sani ba.

Kawunka, dattijon kirki, ba shi fita yanzu. Wasiƙarka ta farko ta bar hularshi, ban tambayi inda ta tafi ba. Har yanzu ana zuwa gaishe shi daga ƙauyuka. In sunka yi sallama sai shi ce mini a hankali, "Ce musu ba ni nan." Mutumin da ya bar ƙafar ɗanshi ta ruɓe don kada a ce mishi maƙaryaci, yau shi ke aike na in yi ƙarya a ƙofar gida. Ga tukuicinka.

Na karanta wasiƙarka ta biyu har na haddace wajen maganar fitilar mota. Taksi ya fasa ma mai girma fitilar mota, bai ce ƙaddara ba. Bai yafe duniya da lahira ba. Bai tuna da asiransinmu ta gado ba. Ya bar Majalisa ya tafi neman konsta da ƙafafunshi biyu. Kuma kai ka rubuta mini wanga da hannunka, ba ka ji komi ya motsa a cikinka ba. Wanga ne ya fi ba ni ƙyama, ya fi warin ɗakin.

Ka ce a sa ma Baba babbar riga. Baba ba shi zuwa. Amma kada ka damu, ba za ku rasa na hoto ba. Dogo ya roƙi mai mota, ya ba shi kamyon ran taron, ita dai wadda ta yi aikin. Za mu ɗora Hamani a baya a kan katifa, mu tsaya gaban rumfar manya. Wanga karon shi ya ce a kai shi, ban roƙe shi ba. Tsahara ma ta yi magana, karo na farko tun cikin azumi. Ta ce ita za ta riƙo sandunan, ta miƙa ma mai su hannu da hannu, kafinta ya riga ya sassaƙa ma mijinta nashi.

In ƴan banga sunka kore mu, su kore mu gaban mutanen tasha, waɗanda kowane ɗayansu ke biyan asiransi ko shina bin hanyar da kamyon ke bi.

Ka ce tafinta ba shi da bakin kanshi. Ran Litinin ɗin can kana da shi. To ka zo da shi. Lasifikar a hannunka take, kuma ba ni son fassara. Alhaji Tanimun Bahaushe ne, a nan anka yanke mishi cibi, shi ajiye Faransanci a Yamai. Shi dubi Hamani shi faɗa da bakinshi: mi ya sa fitilar motarshi ta cancanci konsta, ƙafar yayana ta cancanci yabo? In ya gama, kai kuma ka faɗa ma mutanen Ƙonni wa ya sa sunan Malam Abarshi a rediyo, da izinin wa.

Kada ka amso mini da wasiƙa, na gaji da karatu. A filin tasha za ku amsa, ku biyu, da ƙarfi, yadda na bayan taro za su ji.

Chindo ɗan Abarshi